Jinin da Na Binne a Darrasa

Direban tasin da ya ɗauko mu daga filin jirgin Alƙahira ya tsaya a wani lungu, ba gida ba masallaci, ya ce mun iso. Saudatu ta nuna masa takardar adireshi, ta ce ba nan ba ne. Ya fito, ya buɗe bayan mota, ya jefa akwatinmu cikin kwata, sannan ya damƙi hannunta yana fizgar jakar da ke kafaɗarta. Ban san Larabcinsu ba, amma na san hannun namiji a jikin 'yata. Na zaro muciyar da na ɗauro cikin ƙullin kayana, na sauke masa ita a gwiwar hannu. Ƙashi ya amsa. Ya sake ta, ya tofa mini yawu a fuska, ya ja mota da buhunmu ɗaya a ciki, wanda ke da kuka da daddawa da yajin shekara guda. Haka Masar ta yi mana sannu da zuwa, a ƙarshen shekarar saba'in da biyar.

Sunana Hansatu, 'yar wanzamai ce ni daga Azare. Ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce a karanta mini in ji, duk inda aka gyara mini baki a goge.

Haihuwata bakwai, huɗu amosanin jini ya ci. Ɗana na biyu ya ciji hannuna har haƙoransa suka haɗu, don ƙashinsa na ci da wuta, tabon na nan har yau. Saudatu ce autata, ita ciwon ya tsallake. Ta yi karatu har jami'a, aka ba ta gurbin ƙaro ilimi a Masar, a kan wannan ciwon da ya cinye mata yayye. Ubanta ya rasu, kawunnanta suka ce mace ba aure ba ta tafiya ita kaɗai. Na ce to, ba ita kaɗai za ta ba. Aikina ɗaya ne: in kai ta, in tsare ta har ta gama abin da ya kai ta, in dawo da ita da ranta da gaɓoɓinta.

Muka sami ɗaki a Darrasa, hawa na uku, unguwar ɗalibai da masu sayar da littattafai. Daga tagarmu ana hangen maƙabarta, babba kamar gari, har da rayayyu zaune a cikinta suna girki da shanya. Mai gadin gidanmu Ammu Sabri ne, tsoho mai ido ɗaya. Kwana uku yana kallona ina kallonsa. Rana ta huɗu ya ajiye mini kujera kusa da tasa. Abinci wake da burodi, safe da rana. Ranar da na ga lalo a kasuwa, su suna ce masa mulukiya, na tsaya gaban mai tallar na kasa taya, sai kallo. Ta miƙo mini damƙi ɗaya kyauta.

Kullum ni ke raka Saudatu makaranta a bas. Cunkoso ne irin na buhunan gero, kuma hannuwan maza ba sa zama wuri ɗaya. Suna ce mata samra, wato baƙa, suna ce mata shukulata, wato cakulan, suna dariya. Wata Bamasariya da ke tsaye kusa da ni ta zare allura daga mayafinta, ta danƙa mini a tafin hannu, ta nuna mini da haɓa wani mai jar riga da ya manne wa 'yata. Na soke shi a bayan hannu har allurar ta karye a ciki. Ya yi ƙara, ya kai mini naushi a kafaɗa, matan bas suka rufe shi da jakunkuna har ya dira mota na tafiya. Daga ranar ban sake fita ba allura ba.

Shugabar Saudatu wata Kirista ce 'yar ƙasar, Dakta Nadiya, gajeriya mai shan taba. Ita ta ce a bar ni in leƙa madubin da ke ƙara girman abu. Na ga jini ba ruwa ba ne kawai, wasu 'yan ƙwayoyi ne jajaye kamar waina, wasu kuma sun lanƙwashe kamar lauje.

"Inna, kowace ƙwaya gida ce mai katanga," in ji Saudatu. "A katangar akwai ƙofofi, kowace da abin da take bari ya shiga ko ya fita. Akwai wani gishiri ɗan'uwan kanwa da ya kamata ya zauna a ciki. A jinin mai amosani akwai ƙofar da ke buɗewa ba lokacinta ba. Gishirin ya fice, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta bushe ta lanƙwashe, ta toshe jijiya. Ciwon da Yaya ya cije ki a kansa ke nan."

"To a rufe ƙofar mana."

"Sai an san wace ce. Ita nake nema."

Matsalar ita ce Masarawa ba su cika wannan ciwon ba, ita kuwa jinin masu shi take bukata, sabo, duk mako. Ni na samo mata. A bakin babban masallaci na ji wani mai sayar da turare da carbi yana zagin kuliya da Hausa. Sunansa Usman, Bahaushen Sudan, kakanninsa sun tsaya a hanyar Makka ba su ƙarasa ba. Matarsa Batula, 'ya'yansu mata biyu, Zahra mai shekara goma sha ɗaya da Amna mai bakwai. Kallo ɗaya na yi wa idanun yaran da kumburin yatsun ƙaramar na gane. Saudatu ta zauna ta yi musu bayani, ta ce ba magani ne da ita ba, nema take. Batula ta naɗe wa Zahra hannun riga.

Duk Litinin da safe mu je gidansu, ta ɗebi jini kaɗan cikin 'yan siraran kwalabe, ta liƙa takarda ta rubuta, mu jera su cikin fulas mai ƙanƙara. Ta ce sanyi na sa ƙofofin su tsaya cak har a isa ɗakin gwaji, in ƙanƙarar ta narke aikin mako ya lalace. A sanyin farkon saba'in da bakwai aka ƙara kuɗin burodi, gari ya kama da wuta, mu kuma muna hanya da fulas. Aka tare bas ɗinmu, aka farfasa gilasai muna ciki. Muna fitowa muka faɗa tsakanin masu jifa da 'yan sanda. Barkonon tsohuwa ya rufe mana ido. Wani mutum a gefena ya faɗi, kansa a tsage, takalminsa ɗaya a hannu. Saudatu ta durƙusa ta rungume fulas, ni na kwanta a kanta. Kulki uku na ƙirga a bayana, daga nan na daina ƙirgawa. Da ƙafa muka ƙarasa. Muna shiga ta buɗe fulas ta duba ƙanƙara tukuna, sannan ta duba bayana. Ban ji haushi ba. Da ta fara da ni, da na yi mata faɗa.

Yanzu zan faɗi abin da na yi.

Kwalaben nan sun yi ƙaranci a makarantar, ba a zubar da su. Takan dawo da su gida in wanke in tafasa. A gindin kowace akwai ragowar jini. Ta ce, "Inna, ki juye a masai, ki bi da wannan ruwan maganin." Na ce to.

Ban juye ba. Ubana wanzami ne. In ya yi wa mutum ƙaho, da kansa yake haƙa rami ya binne jinin, ya take wurin da ƙafa. Bai taɓa barin jinin ɗan Adam ya bi kwata ko kare ya lasa ba. Na tsaya a bakin masai da jinin Zahra a hannu, yarinyar da ke kirana Kaka, hannuna ya ƙi. Sai na riƙa tarawa a gwangwani. In na raka Saudatu na dawo, ranar Alhamis da hantsi, in ɗauki tsohon cokali in gangara gefen maƙabarta, gindin wani bango da ya rushe, in haƙa, in yi bismilla, in binne. Kwalbar da ta tsage kuwa ɗungurungum nake binne ta, da takardarta a jiki. Ni da ban iya karatu ba, ban ɗauki wannan rubutu a bakin komai ba.

Ban gaya mata ba. Na san za ta ce camfi ne, ni kuma ba na jayayya da 'yar da na haifa. Fiye da shekara biyu ina wannan. Na san fuskar kowane namiji da ke tsayawa a layinmu, na san wanda ya kalli tagarmu sau biyu. Ban taɓa waiwayawa na ga matar da ke shanya a kan wani kabari tana kallona ba.

A shekara ta uku zazzaɓi ya kama Zahra, ya sauka a ƙirji. Kwana uku ta yi, ta cika. Muka je gaisuwa, Saudatu ta yi kuka har Batula ce ke ba ta haƙuri. Kwana biyu bayan sadakar uku, matar nan ta maƙabarta, wadda ashe ta san muna zuwa gidansu, ta je rumfar Usman ta ce ya zo ya ga wani abu. Suka tone gindin bangon. A Masar, in mutum zai yi wa wani sammu, abin jikinsa yake samu, ya rubuta sunansa, ya binne a maƙabarta. Kowane yaro a garin ya san haka. Ni ce kawai ban sani ba.

Bayan la'asar suka zo. Na ji muryar Ammu Sabri a matakala yana cewa su ji tsoron Allah, sannan na ji faɗuwarsa. Suka ɓalle ƙofa. Usman ne a gaba, bayansa surukansa biyu, da maƙwabta, da wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu da suka sha cin tuwona ranar salla. Ya miƙa wa Saudatu kwalba mai ƙasa a jiki.

"Karanta. Ke ce mai ilimi."

"Sunan Zahra ne. Baban Zahra, ina ka samo wannan?"

"Inda kika binne ta tun tana tafiya da ƙafarta."

Ta juyo ta dube ni. Na ce, "Ni ce. Ni na binne, ba ta sani ba."

"Tsohuwa 'yar aike ce," in ji ɗaya daga cikin ɗaliban. "Rubutun wa ne a jiki?"

Na kai hannu ga muciya. Na sami mutum biyu, ɗaya a baki, ɗaya a wuya, a na uku ta karye. Wani ya ɗauki ƙarfen da muke tokare taga da shi ya buga mini a muƙamuƙi. Na faɗi, haƙora a bakina kamar tsakuwa. Suka taka ni suka wuce. Daga ƙasa nake kallo, ido ɗaya jini ya rufe.

Littattafanta suka nufa, manya guda shida masu baƙin bango, duk abin da ta auna tun zuwanmu. Suka ce a nan asirin yake. Suka tuntsurar da risho, kananzir ya malale, suka jefa su ciki suka ƙyasta ashana. Saudatu ba ta kare kanta ba, wuta ta nufa. Ta cusa hannun dama ta fizgo ɗaya. Babban surukin Usman ya kama wannan hannun, ya ja ta zuwa bakin ƙofa, ya ɗora yatsunta a jikin katako.

"Da wannan kike rubutawa?"

Ya buga ƙofar. Ya buɗe, ya sake bugawa. Sau uku. A na farko ta yi ƙara, a sauran ban ji muryarta ba. Na ja ciki na kama ƙafarsa na cije da abin da ya rage mini na haƙora, ya shure ni a fuska. Usman na tsaye da kwalba a hannu yana kuka, bai buga ba, bai hana ba. Hayaƙi ne ya kore su. Matar Ammu Sabri ta shigo da bargo jiƙaƙƙe ta kashe wutar, ta yage ɗankwalinta ta ɗaure hannun 'yata. 'Yan sanda sun zo bayan an gama.

A asibiti gadajenmu na kusa da juna. An ɗaure mini baki da waya, magana sai ta tsakanin haƙora. Yatsunta huɗu suka karye, likita ya ce biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Dakta Nadiya ta zo da miyar kaza a kwano, ta zauna tana ba ni da cokali kamar jaririya, tana zagin maza da Larabci. Ta ce tana da kwafin aikin shekarar farko. Sauran ya tafi.

Kwana huɗu Saudatu ba ta yi mini magana ba. A na biyar, tana kallon silin, ta ce, "Inna, tun yaushe?"

"Tun kwalbar farko."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Za ki hana ni."

"Da na hana ki." Ta juyo da kai. "Da kin ji?"

"A'a."

Wani ma'aikacin ofishin jakadanci ya zo ya ce gara mu koma gida, za a samo mana jirgi. Ta ce za ta yi tunani. Da ya fita ta ce, "Hannu ba komai ba ne, akwai na hagu. Amma ba jini ba aiki. Wa zai sake miƙo mini hannun ɗansa a garin nan?" Ta juya fuska bango. Yarinyar da aka matse wa yatsu a ƙofa ba ta zubar da hawaye a gabansu ba, ranar na ga kafaɗarta na rawa.

Dakta Nadiya ta samo mana ɗaki a hayin kogi, nesa da Darrasa. Da aka kwance mini waya, bayan arba'in ɗin Zahra, na shiga bas ni kaɗai, ba allura ba komai, na je gidan Batula a lokacin da na san Usman na rumfa. Ta buɗe ƙofa, ta gan ni, ta kwaɗa mini mari a daidai inda aka ɗinke. Na ga wuta. Na dafa bango na tsaya. Ta ƙara. Na tsaya.

"Me kika zo ɗauka kuma?"

"Na zo in faɗi abin da na yi. In kin gama ji, ki ƙara."

Na gaya mata sana'ar ubana, da ramin da yake haƙawa, da yadda na tsaya a bakin masai hannuna ya ƙi. Na ce 'ya'ya huɗu na binne da wannan ciwon, ba wanda ya yi musu sammu. Na nuna mata tabon cizon da ke hannuna. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kakata ma haka take yi," in ji ta. "Jinin ƙaho, da cibiya, har gashin aski." Sai muryarta ta tashi. "To me ya kai ki maƙabarta, Hajiya? Duk faɗin Masar?"

"Nan kaɗai na ga ƙasa. Ko'ina dutse ne da siminti."

Ta zauna a dokin ƙofa. Daga cikin ɗaki na ji nishin Amna, irin nishin da na sani, wanda yaro ke yi in ya gaji da kuka.

"'Yarki ta taɓa cewa za ta warkar da su?" in ji Batula.

"Ba ta taɓa ba. Nema ta ce tana yi."

"Ba ta yi ƙarya ba ke nan." Ta tashi. "Ban yafe miki ba. Saboda ke mijina ya tsaya ana karya hannun marainiya, yanzu ba ya iya cin abinci. Tafi."

Na tafi.

A jinin Amna, da na wasu yara uku da Batula ta kawo daga baya, Saudatu ta kama ƙofar da take nema. Shekara huɗu ta ƙara. Ta nuna lokacin da take buɗewa da abin da ke rage mata buɗuwa. Ba magani ba ne, kuma ba ta taɓa yarda a ce magani ne ba. Muka dawo gida a tamanin da biyu, ta koyar shekaru masu yawa, ana ce mata Farfesa, da hannun hagu take rubutu a allo. Na dawo da ita da ranta. Gaɓoɓin ban cika alkawari ba.

Amma wannan duk daga baya ne. Mako biyu bayan marin, wata Litinin da safe, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa a hayin kogi. Batula ce, da Amna a kafaɗa, Ammu Sabri ya kwatanta mata gidan. Ba ta gaishe ni ba. Ta dubi hannun Saudatu da ke naɗe, ta kau da kai.

"Sharaɗi biyu, Dakta. Abin da ya rage a kwalba ki dawo mini da shi, ni zan san inda zan kai jinin 'yata."

"Na yarda. Na biyun fa?"

Batula ta nuna ni da haɓa. "Ita ta fita."

Saudatu ta buɗe baki za ta yi magana. Na ɗaga mata hannu. Na ɗauki mayafina na fita, na ja ƙofa, na tsaya a matakala. Ta cikin katako ina jin ta tana neman jijiya da hannun da bai saba ba. Ta soka ta kuskure. Ta ce wa yarinyar ma'alish, wato yi haƙuri, ta sake sokawa ta kuskure. Na san yadda ake riƙe hannun yaro jijiya ta fito, tun ina shekara tara na iya. Na damƙe ƙarfen matakala na tsaya inda aka ce in tsaya.

A na uku na ji Batula ta ce, "Jinin ya zo."